Ba a Shigo da Nama da Ɗuminsa

Gidan maharbi shi ne na ƙarshe a layin. Daga bayan katangarsa sai ciyawa, daga ciyawa sai daji. A gaban gidan, ɗan nesa da ƙofa, akwai wata tsohuwar bishiya mai reshe guda da ya miƙe gefe, igiya ta ci shi har ta yi masa zobe saboda yawan rataya. A nan maharbi yake rataye duk abin da ya kamo, zomo ne ko gada ko barewa, ya bar shi sai ya huce sarai kafin ya tsallake bakin ƙofa da shi. Dokarsa ke nan, kuma bai taɓa gajiya da faɗinta ba: ba a shigo da nama da ɗuminsa.

Matarsa ta ji wannan magana har kunnenta ya yi kanta. Mace ce mai zafin nama, ga saurin hannu ga saurin baki, irin waɗanda in suka ga aiki a ajiye sai jikinsu ya riƙa ƙaiƙayi. Ita ke gyaran naman, ita ke banda shi, ita ke sayarwa. Tun tana amarya ya zaunar da ita ya yi mata bayani, ya ce dabbar daji ba ita kaɗai take yawo ba. Akwai kaska a kunnuwanta da hammatarta da gindin wutsiyarta, akwai ƙuma a cikin gashi, wani sa'in har tsutsa a ƙarƙashin fata. Muddin jinin yana da ɗumi suna nan maƙale. Da zarar jiki ya yi sanyi sai su saki, su gangara neman wani mai ɗumi. In a waje suka sauka, ciyawa ta karɓe su. In a cikin gida ne, to, mutanen gida su ne abincin.

"Kaska dai?" takan ce. "Abin da nake murƙushewa da farce?"

"Ba kowace kaska ce kaska ba," in ji shi, daga nan ba ya ƙarawa.

'Ya'yansu duk sun watse gidajensu, saura Auta, budurwa mai yawan dariya, 'yar lelen babanta. Aikinta ne kullum in ya dawo daga daji ta zaunar da shi a ƙofar gida, ta duba masa wuya da ƙeya da bayan kunne, tana tsokanarsa wai tsufa ya sa har kaska ta raina jininsa.

Ran da abin zai faru, ya dawo gab da magariba da wata tsohuwar barewa a wuya. Tarko ya karya mata ƙafa, bai jima da yanka ta ba. Ya rataye ta a reshen nan, karensa Ƙyale-su yana biye da shi amma yana ta noƙewa, ya ƙi matsowa kusa da naman. Aka kira salla, maharbi ya yi alwala ya tafi masallaci.

Bai daɗe da tafiya ba hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta tsaya cak. Matar ta leƙa waje, ta ga karnukan unguwa sun fara kewaya bishiyar, ɗaya har yana miƙewa da ƙafafun baya yana lasar jinin da ke ɗiga. Ranta ya ɓaci. Wahalar yini guda, ga ruwa zai jiƙa, ga karnuka za su yaga, duk saboda wata doka ta kaska.

"Auta, zo ki kama mini."

"Inna, Baba ya ce..."

"Babanki na masallaci, karnukan kuma ba su je ba. Kama wajen kan, ya fi sauƙi."

Auta ta ɗora kan barewar a kafaɗarta, kunnen dabbar yana gogar kumatunta, ta ce, "Inna, har yanzu da ɗuminta." Uwar ta yi kamar ba ta ji ba. Suka shigar da ita ɗakin girki suka shimfiɗe a ƙasa. Ƙyale-su ya tsaya a bakin ƙofar gida, gashin bayansa a tsaye, yana wani gurnani ƙasa-ƙasa wanda ba ta taɓa jin ya yi ba.

Ta kunna fitila ta hau wasa wuƙa. Can ta waiwaya, sai ta ga kamar daɓen ɗakin yana motsi. Kaska ce, manya da ƙanana, suna ta sulalowa daga jikin barewar, ƙuma na tsalle a tsakaninsu. Ta ɗebo toka mai zafi ta watsa musu, suna fashewa tas-tas, ta sa tsintsiya ta share. Ɗazu da suna ɗauke da barewar ta hangi wata a cikin kunnen, toka-toka, ƙosasshiya. Ta ɗaga kunnen don ta cire ta, sai ta iske ba ta nan. Rami kawai ta gani yana tsattsafo da jini.

Maharbi ya dawo ya ga reshe babu komai. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. Ya tsaya a ƙofar ɗakin girki ya dubi barewar, ya dubi matarsa.

"Wa ya ɗauki wajen kan?"

Matar ta dubi Auta. Ya jawo Auta kusa da fitila, ya zame ɗankwalinta, ya tanƙwara kunnenta na hagu. Ga kaskar nan, ta riga ta kafa kai cikin fata. Matar ta kai hannu za ta fizge, ya buge hannun da ƙarfi har yatsunta suka mutu. Tun da suke bai taɓa ɗaga mata hannu ba.

"In kin fizge, kan zai zauna a ciki."

Ya ɗiga wa kaskar mai, ba ta saki ba. Ya ɗauko garwashi da awartaki ya kai kusa da ita, garwashin ya mutu a take kamar an tsoma shi a ruwa. Ya ɗauko wani, shi ma haka. Nan take sai suka ji dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Ruwan da aka yi ta tsoro ko ɗigo bai sauka ba a wannan rana.

Daga nan gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Da rana ta sunkuya sai jifa ta fara, duwatsu manya-manya, daga wajen daji, ba a ganin mai jifa. Ɗaya ya fasa randa, ɗaya ya tsaga wa maharbi goshi. In jifar ta lafa sai a ji wani sauti daga ɗakin girki, kamar jariri yana tsotso, alhali ba kowa a ciki. Kaji suka fara mutuwa, a tsince su da safe a bushe, a yanka ko ɗigon jini babu. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta.

Auta ta daina dariya, ta daina cin abinci. Kullum tana ramewa, abin da ke bayan kunnenta yana ƙara cika. Takan zauna a lungu ido rufe, amma duk wanda ya gifta sai ta juya kai ta bi shi, hancinta yana motsi. Uwar ta san abin da take shinshina, ɗumin jikin mutane ne, kuma sanin hakan ya fi jifar tayar mata da hankali. Ba ta gaya wa kowa ba, amma ko da yaushe tana jin muryarta a kunnenta tana cewa kama wajen kan, ya fi sauƙi. Da na sani ƙeya ce.

Wata yamma ta zauna tana shafa wa yarinyar ruwa a goshi, sai Auta ta cafke mata dantse da haƙora. Ba cizon fushi ba ne, kafa baki ta yi tana zuƙa. Matar ta yi ihu, ta ja, ta doka, bakin bai saki ba. Ƙyale-su, wanda tun ranar barewa bai sake shiga gidan ba, ya faɗo da gudu ya yi kan yarinyar. Auta ta saki uwarta, ta tare shi da hannu ɗaya a maƙogwaro, ta ɗaga shi sama ta murɗe. Suka ji ƙas. Ta yi jifa da shi ya bugi bango, ta koma lungunta ta lumshe ido, jinin uwarta yana gangara a haɓarta.

Maharbi ya daɗe a durƙushe kan karensa. Sa'an nan ya miƙe ya tafi kiran malam.

Malamin dattijo ne ɗan ƙarami, mai sanyin magana, wanda aka san shi da karatu a kan masu irin wannan lalura. Ya zo da yamma liƙis, ya dubi dantsen matar, ya dubi bayan kunnen yarinyar bai taɓa ba. Ya ce a kira maza biyu masu ƙarfi. Aka kira maƙeri da mahauci, maƙwabtansu. Aka fito da Auta tsakar gida aka kwantar a tabarma, maƙeri ya danne kafaɗu, mahauci ya riƙe ƙafafu, malam ya zauna wajen kanta ya fara karatu.

Da farko ba ta motsa ba. Rana ta ƙarasa faɗuwa, tsuntsaye suka yi shiru, dutse na farko ya sauka a kan rufi. Sai jikinta ya banƙare. Ta shure mahauci a ƙirji ya tafi da baya ya faɗa kan murhu. Ta kama hannun maƙeri, hannun da ke lanƙwasa ƙarfe, ta karya masa yatsu biyu kamar mai karya kara. Maƙeri ya yi ƙara amma bai saki ba, mahauci ya taso da toka a riga ya sake danne ƙafafun, maharbi ya faɗa kan gwiwoyinta. Duwatsu suka riƙa zuba kamar ƙanƙara, ɗaya ya kashe fitila, ɗaya ya ɗauke wa malam hula. Malam bai yanke ko harafi ba.

Can sai ta lafa. Bakinta ya buɗe, wata murya ta fito, mai nauyi, mai danshi, irin ta wanda yake magana da abinci a baki.

"Ya isa, dattijo. Kana hana ni ci."

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Baƙo."

"Wa ya gayyace ka?"

"Ɗauko ni aka yi. A kafaɗa." Kan yarinyar ya juya sannu a hankali wajen uwarta, idanun a rufe. "Na gode da masauki, uwar gida."

Matar ta zame ta zauna a ƙasa.

Muryar ta ci gaba a natse, kamar mai ba da labari a bakin kasuwa. Ta ce ita a kunnen namun daji take zaune tun kafin a gina layin nan. In abin hawanta ya tsufa ko ya mutu, sai ta sauka ta nemi wani. Ta ce maharbin nan ya sha kashe mata abin hawa, ba ta taɓa riƙe shi a zuci ba, don kullum yakan rataye a waje ya jira, ita kuma ta sauka ta shiga ciyawa. "Tsakanina da shi babu faɗa. Ya san doka, na san doka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

"To, ka fita yanzu, ko in ƙone ka," in ji malam.

"Bismillah. Amma tambayi maharbi abin da ke faruwa in an fizge."

Malam ya ɗaga murya ya koma karatu da ƙarfi. Abin da ke bayan kunnen ya fara rawa, ya yi ja. Jini ya ɓalle wa Auta ta hanci da ta kunne, ta buɗe ido, wannan karon da muryarta ta ƙwalla ƙara, "Baba, kaina zai fashe!"

Maharbi ya kama hannun malam. "Tsaya, Malam, don Allah. Gaskiya yake faɗi. Jikin zai mutu, kan zai zauna a cikinta."

Malam ya tsaya, yana numfashi da ƙyar. Ya share gumi ya ce, "Me kake so ka sake ta? A ba ka rago. A ba ka sa."

"Na ɗanɗana na mutum, dattijo. Wanda ya sha romo ba ya komawa ruwan rijiya." Bakin yarinyar ya yi wani murmushi da ba nata ba. "Ba na sakin jiki sai ya yi sanyi. Ko kuwa wani mai ɗumi ya kawo kansa da kansa, fata ta taɓa fata. Wannan ta kusa ƙarewa, ba zan ƙi sabo ba."

"Ba a ciniki da ran mutum a gabana," in ji malam.

Amma matar ta riga ta taso da rarrafe. "Ni na ɗauko ka. Ga ni, zo ka ci. Sakar mini 'yata."

Ba ta kai ba. Maharbi ya damƙe ta a kafaɗa ya wurgar da ita gefe har ta bugu da turmi. Kafin malam ya buɗe baki, ya riga ya kwanta kusa da 'yarsa, ya rungume kanta, ya manna wuyansa a bayan kunnenta. Matar tana kallo da idonta abin nan ya zare kai daga fatar Auta, ya taka a hankali da ƙananan ƙafafunsa, ya haye wuyan mijinta, ya kafa baki a ƙasan muƙamuƙi. Maharbi ya cije leɓe har ya fashe. Auta ta yi ajiyar zuciya, jikinta ya saki, ta yi barci.

"Ka yi gaggawa, bawan Allah," in ji malam. Sa'an nan ya dafa kan maharbi ya fuskanci abin. "To, saurara. Za ka rantse ba za ka sake taɓa kowa a gidan nan ba."

Muryar ta fito ta bakin maharbi. "Na rantse, muddin ina waje. In ya shigo da ni ƙarƙashin rufin nan, sai in sake zaɓe. Dokarsa ce, ba tawa ba."

Malam ya miƙe yana karatu, maharbi ya miƙe yana tangaɗi. Yana gaba malam yana bayansa, har suka tsallake bakin ƙofa. Ƙafarsa ta biyu tana fita jifa ta ɗauke. Shirun da ya sauka a gidan har kunne yake toshewa.

Auta ta warke. Ta fara cin abinci, kumatunta suka dawo, sai ɗan tabo a bayan kunne. Maharbi kuwa ya yi rumfar kara a gindin bishiyar rataya, nan ya zama ɗakinsa. Da farko yana da dabara: ya ce ai shi ya san daji, zai mayar da baƙon inda ya fito. Ya riƙa kama dabbobi da rai a tarko, ya danne su ya manna wuyansa a kunnensu, suna shure-shure suna yaga masa ƙirji da kofato. Abin bai ko motsa ba. Malam ya yi ta zuwa yana karatu, duk sa'ad da ya matsa sai jini ya ɓalle, dole ya tsaya.

Matar takan kawo abinci ta ajiye taku kaɗan daga rumfar, saboda ya hana kowa taɓa shi. Ta zauna nesa tana kallonsa yana ci, wuyan rigarsa yana ƙara yi masa yawa. Sau da yawa ta buɗe baki za ta roƙi gafara, sai ya tare ta da zolaya, ya ce da ya san zaman waje ke sa ta riƙa ƙara masa nama a kwano da tuni ya fito. Tana dariya, in ta koma ciki ta toshe baki da zane ta yi kuka. Auta kuwa kullum da yamma sai ta fito ta tsaya, hannuwanta a bayanta, ta rasa abin da za ta yi da su.

Wata magariba hadari ya sake haɗowa daga gabas. Matar ta fito da kwano ta iske shi kwance a gindin bishiyar, ya kasa tashi. Ya zama fata da ƙashi, leɓunansa sun yi fari, abin da ke wuyansa ya kai ƙwan kaza, yana sheƙi. Ruwa ya fara sauka. Ta ajiye kwanon ta matso.

"Baban Auta, bari in shigar da kai. Ko zaure ne. Ba zan bar ka ka cika a cikin ruwa ba."

Ya buɗe ido ya yi murmushi. "Ke dai ba kya jin magana."

Ya yi kalmar shahada a hankali, ƙirjinsa ya ɗaga ya sauka, bai sake ɗagawa ba.

Auta ta fito da gudu tana kiran Baba, ta yi kansa za ta rungume. Uwar ta tare ta a ƙugu, suka faɗi tare a cikin laka. Yarinyar ta yi ta duka, ta yaƙushe ta, ta ja mata gashi, tana cewa ki sake ni, babana ne, ruwa na dukansa. Uwar ta danne ta da duk ƙarfinta, ta ce mata a kunne, "Da ɗuminsa. Har yanzu da ɗuminsa."

Haka suka zauna, ruwa yana zuba a kansu su uku. Karnukan unguwa suka zo suna kewaya bishiyar. Matar ta riƙe 'yarta da hannu ɗaya, tana tsintar duwatsu da ɗayan tana jifansu, har ta fasa wa wani baki suka watse. Duk jikinta yana ce mata tashi ki ɗauke mijinki daga ƙasa. Matar da ba ta taɓa iya ganin abu a ajiye ba ta zauna tana kallon mijinta a yashe, ba ta motsa ba.

Ruwa ya tsagaita, sauran hasken yamma ya leƙo ta ƙarƙashin gajimare. Suka ga abin ya zare kansa, ya faɗo ƙasa tim, ya ɗan tsaya yana juya gaba wajensu. Matar ta toshe wa Auta baki, ita ma ta ɗauke numfashi. Sai ya juya, ya ja cikinsa a hankali ya shige ciyawa.

Duk da haka ba ta tashi ba sai da ciyawar ta daina motsi. Sa'an nan ta rarrafa ta dafa goshin mijinta, ta dafa ƙirjinsa, ta sa hannu a hammatarsa. Ya yi sanyi ƙalau. Ta duba masa wuya da ƙeya da bayan kunne, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga komai ba.

"Yanzu ya yi," ta ce. "Kama ƙafafun, Auta. Ni zan ɗauki wajen kan."